Ranar Da Muka Kai Wakilin Jini Kalgo

Ana sallame sallar asuba muka bar Gwandu, ni da ƙanen mai gidana, wata Talata a farkon kaka. Raɓa ta jiƙe mini bakin zane tun kafin mu kai tasha. A haɓar mayafina na ƙulle katin asibiti mai sunan Malam, mai gidan nawa. Shi kuwa mai sunan mun baro shi a ɗaki, jingine da buhun gero, don in ya kwanta sosai numfashi ba ya zo masa. Ni ban yi boko ba. Ɗiyata ce ke rubutawa, ni ke faɗi, kuma na ce ta bar maganar yadda ta fito daga bakina, saboda mata irina da za su iya yin abin da muka yi.

Bari in koma baya kaɗan, ku ji abin da ya fitar da mu. Malam ya haura saba'in. Zazzaɓi ne ya fara kama shi, da ciwon gaɓoɓi, sai mura, sai tari. Kwana takwas muna yi masa surace da ganyen darbejiya, abu ya ƙi. Babban ɗanmu ya ji labarin cewa likitoci na zuwa wani asibiti a Kalgo suna duba masu ciwon ƙirji, ya ɗauke shi ya kai shi. Can suka karɓi kakinsa, suka zura masa auduga a hanci, suka ɗebi jini, suka ba shi magani. Suka ce ya koma bayan sati biyu a sake ɗibar jinin, in kuwa numfashi ya yi wuya kada a jira ranar. Malam ya dawo gida a galabaice, ya ce shi da Kalgo sai dai a labari. Ya ce mutumin da ciwo ya tsotse, ina ya ga jinin da za a yi ta ɗiba kamar ruwan rijiya.

Sati biyun nan, zazzaɓin ya tafi ya dawo, numfashin kuwa kullum ƙara gajarta yake. Ya koma sallah a zaune. Masu zuwa gaisuwa suka fara tsayawa daga bakin ƙofa, na kuma ji ana raɗa cewa tarin fuka ne. Ni dai abu ɗaya nake kallo, ƙirjinsa, yadda yake tashi yana faɗawa kamar na tsuntsun da aka kama a hannu.

Ana gobe ranar komawa, bayan la'asar, maza suka zauna a zaure. Malam ya ce ba ya zuwa. Sai ƙanensa, wanda gida duka ke kira Malam Ƙarami duk da furfurar da ta cika masa gemu, ya gyara zama ya ce shi zai je ya ba da jinin. Ya ce uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, nono ɗaya suka sha. Kuma gaskiyarsa, mene ne bai taɓa yi wa yayansa ba? Shi ya karɓo auren 'ya'yanmu maza. Shi ya ba da auren matan. Shi ke zuwa ta'aziyya da sunan Malam, shi ya tsaya gaban dagaci ranar da aka yi gardamar iyakar gona. A wurinmu in babba ba zai iya ba, ƙane ya tsaya, magana ta zauna. Kowa ya ce madalla. Babban ɗanmu ya buɗe baki ya mayar ya rufe, don yaro ba ya yi wa iyaye gyara a zaure. Ni kuwa daga bayan zana na ji sanyi a raina, har na aika aka sayo hanta, na haɗa da zogale na dafa wa Malam Ƙarami, don jinin ya yi kyau kada mu ji kunya gaban likita.

To, ga mu a mota. Ƙaramar mota ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Kuɗin mota ya ninka na bara, direba ya ce mu tambayi masu mai. Kusa da ni wata Bafulatana ce da ƙwaryar nono a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ta ɗaga ƙwaryar sama kamar mai rawa da jariri, ko ɗigo bai zuba ba. Hagu da dama an fara girbin gero. Raƙuma na tafe da dammuna, ba sa kauce wa mota sai sun ga dama. Malam Ƙarami ya rungume hannunsa na dama a ƙirji, wanda ke kusa da shi ya ɗan jingina, sai ya ce, “Sannu dai, ɗan'uwa, matsa kaɗan. Hannun wanga amanar Yaya ce.”

Hantsi ya ɗaga muka shiga Birnin Kebbi. Na daɗe rabona da garin. Keke mai ƙafa uku ya cika titi kamar fari, kowa na busa wa kowa. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan birni ya ƙanƙance, bai fi goro ɗan ƙarami ba, na ce wa mai suya ko wake ne ya yi mata laifi. Ta yi dariya ta ƙara mini biyu. Daga nan muka sake wata motar zuwa Kalgo, tafiyar ba nisa. Can gefe fadama ce shimfiɗe, shinkafa ta fitar da kai, an ja igiyoyi bisa gonaki an rataya musu gwangwanaye, masu gadi na jijjigawa suna ihu don korar tsuntsayen jan-baki. Kalgo kuma ta cika da ɗalibai, maza da mata, kowa da jaka a baya yana sauri kamar an aike shi.

Asibitin ba babba ba ne. Akwai bencina a ƙarƙashin bishiya, kowa ya zo sai a ba shi ƙyallen rufe hanci da baki. Na zauna kusa da wata mata daga Dangoma da ta kawo uwarta, da wani makiyayi daga wajen Diggi da ya ƙi rabuwa da sandarsa. Muka gaisa, muka yi wa juna ya mai jiki. Ana nan, sai mai ɗibar jini ta leƙo ta kira sunan Malam.

Malam Ƙarami ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, ya ce da ƙarfi, “Ga wakilinsa!”

Yarinyar ta dubi kati, ta dube shi. Ta ce, “Baba, ina mai jikin?”

“Yana gida, bai iya tahowa. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya. Ɗebi abinki, ɗiyata, ko kwalba biyu kike so akwai.”

Na matsa kusa na ƙara mata bayani, cewa har hanta ya ci jiya. Na ga ƙyallen bakinta na motsi, dariya na son kuɓuce mata. Amma ba ta yi dariyar ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce mu shigo daga ciki, ta je ta kira likita.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba. Ta jawo 'yar kujera ta zauna ƙasa da ni, ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da uwa. Ta ce, “Inna, kun gani a hanya yadda aka ja igiyoyi a gonakin shinkafa?” Na ce na gani. Ta ce, “In tsuntsaye sun tashi sun tafi, wanda ya zo daga baya ta ina zai san sun sauka?” Malam Ƙarami ya riga ni, ya ce ai daga igiya da gwangwani ake ganewa.

Ta ce to haka jikin mutum yake. Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, masu kawo mura mai tsanani, su shiga ta hanci su sauka ƙirji. In an zo da wuri, audugar da ake zurawa a hanci tana kamo su. Malam kuwa ya zo bayan kwana takwas, ba a same su a hancin ba. Amma duk cutar da ta shiga, jini yana ƙera mata garkuwa tata ta kanta, wadda ba ta dace da wata cutar ba, kuma garkuwar tana zama a jinin ko bayan cutar ta ɓuya. Ita suke nema. Ta ce a jinin Malam na farko sun ga kaɗan. Kaɗan ɗin nan kuwa ba ya faɗin komai shi kaɗai, don yana iya zama tsohuwar igiyar bara da ba a kwance ba. Sai an sake dubawa bayan sati biyu. In ta ƙaru ninki a kan ninki, to cutar bana ce, kuma an san wace ce.

Sannan ta juya ga Malam Ƙarami, a hankali, ta ce, “Baba, in ana son a san ko tsuntsu ya sauka a gonar yayanka, za a je a duba taka?”

Ya sauke hannun rigarsa. Can ya ce, “Ko da gonakin na maƙwabtaka da juna?”

Ta ce, “Ko da kunya ɗaya ce ta raba su.”

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina amarya. Amma likitar ba ta bar ni a cikinta ba. Ta ce kakin Malam an duba, babu tarin fuka. Na ce alhamdu lillahi har sau uku. Sai ta fara tambayata. Yana iya kwanciya? Na ce sai a jingine. Yana iya gama magana ba tare da ya tsaya ba? Na ce ko Fatiha sai ya yanka ta gida huɗu. Zazzaɓin ya dawo? Na ce ya dawo. Leɓensa fa? Na ce ya yi duhu. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, “Inna, yau za a kawo shi. Kada a kai gobe.”

Muka fito gindin bishiya. Malam Ƙarami ya kira babban ɗanmu a waya, aka kanga wa Malam ita a kunne. Ina jin muryarsa guntu-guntu, yana cewa ba ya zuwa, ai ya aika wakili.

“Yaya, an ƙi ni,” in ji Malam Ƙarami. “Tun da anka haife mu ba a taɓa ƙina a madadinka ba sai yau. Sun ce naka suka so.”

Malam ya ce to a bar shi ga Allah.

Ni fa shekara hamsin da wani abu muna tare, ban taɓa musa masa magana gaban mutane ba, ban kuma taɓa yi masa magana ta waya ba. Na miƙa hannu na karɓa. Na ce, “Malam, ni ce. Ina gindin bishiya a Kalgo. Nan za ka same ni, ko yau, ko bayan wata.”

Ina jin ƙarar numfashinsa. Sannan ya ce, “Wa... zai dama mini... fura?”

Na ce, “Sai ka naɗa wakili.”

Matar Dangoma ta toshe baki da mayafi. Ta cikin wayar na ji abin da ya fara kamar dariya ya ƙare da tari mai tsawo. Da ya lafa, na ji yana ce wa ɗanmu a nemo mota.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Wata mai abinci a bakin asibiti ta ga na kasa zama wuri ɗaya, ta zubo mini tuwon shinkafa da miyar kuka da ɗan bandar kifi, ta ce in ci ko loma uku ne. Na ci biyu. Makiyayin Diggi ya ba ni labarin wata saniyarsa da ta yi ciwon huhu ta warke, yana nufin ya kwantar mini da hankali, na kuma karɓa a haka. Muka yi azahar. Muka yi la'asar. Rana ta fara yin ja sai ga motar wani maƙwabcinmu mai fataucin albasa, Malam a gaba an kwantar masa da kujera, yana warin albasa tun daga hula har takalmi.

Biyu suka riƙo shi. Aka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke shiga jini. Likita ta duba, ta ɗaga hannu, nan take aka turo tukunyar iska aka sa masa roba a hanci. Ta saurari bayansa da ƙirjinsa. Ina tsaye ina kallo, kafin a kira magariba na ga kafaɗunsa sun sauka, duhun leɓen ya fara washewa. Mai ɗibar jini ta zo da allurarta. Abin da ta ɗiba bai kai cikin cokali ba. Malam ya dube shi ya ce, “Shi ke nan? A kan wanga munka tara mutane a zaure?”

Kwana shida muka yi a Kalgo. An yi ta yi masa allura, don likita ta ce bayan cutar farko ta raunana huhu, wata ƙwayar daban ta samu ƙofa ta shiga, ita ce ta dawo da zazzaɓin. Na saba da wurin har na san wace rijiya ta fi ruwan daɗi, da wace mai fura ce ba ta cika ruwa. Mai abincin nan kullum sai ta ba ni ruwan zafi in gasa wa Malam ƙafa. Ban san sunanta ba har yau, amma tana cikin addu'ata.

Malam Ƙarami kuwa kwana biyu yana yawo da fuska a ɗaure, har mai ɗibar jini ta lura. Ran nan ta same shi ta ce akwai wata mai jego da ta zubar da jini da yawa, danginta sun yi nisa, in yana so a gwada nasa ko ya dace. Aka gwada, ya dace, aka duba lafiyarsa aka ga zai iya. Ya ba da leda guda. Ya dawo yana tafe yana buɗa kafaɗa, ya ce mini, “Matar Yaya, kin gani? Hantarki ba ta tafi banza ba.”

Ana gobe za a sallame mu sakamakon jini na biyu ya iso. Likita ta zo da takardu biyu ta ajiye gaban Malam, ta farko da ta biyu. Ni ban san abin da aka rubuta ba, amma ta faɗa da bakin da na gane. Ta ce garkuwar da suka gani kaɗan a farko ta ƙaru ninki da yawa, kuma ta wata irin mura ce mai tsanani da ke yawo a bana. Da haka suka tabbatar ita ce ta kwantar da shi, ba sai an ɗora masa maganin wata shida na tarin fuka a kan zato ba. Ta ce yawan da ta yi ma ya yi daidai da abin da suka saba gani ga waɗanda cutar ta sauka musu har huhu, jiki ya yi yaƙi mai nauyi. Akwai kuma waɗanda ake dubawa a ga jikin ya kasa ƙera ta, su ma sai an tsaya a kansu. Amma ta ce ba a yanke hukunci da jini shi kaɗai, sai an haɗa da abin yatsa, da sauraron ƙirji, da abin da mai jinya ta gani da idonta. Nan ta nuna ni, ta ce, “Abin da Inna ta faɗa mini ne ya sa na ce a kawo ka a ranar.” Malam ya dube ni ta gefen ido, ya ce ai tsohuwar ba ta da aiki sai sa ido. Na bar shi ya ci wannan.

Ranar Litinin da hantsi muka kamo hanyar gida. An cire masa robar hanci tun kwana biyu kafin nan. A Birnin Kebbi ya ce a saya masa rake, ya kuwa sha gaɓa biyu. Ni ina bayan mota ina ta juya abin a raina. Na taso na ga ana wakiltar mutum a aure, a suna, a gaisuwar mutuwa, a gaban sarki, kuma abu ne mai kyau, shi ya riƙe gidajenmu. Sai da na tsufa na san cewa abin da ciwo ya rubuta a jinin mutum, a jinin mai shi kaɗai ake karanta shi. Ku mata, in likita ya ce a dawo a sake ɗibar jini, ba don na farko ya zube ba ne, sai an jera biyun ake ganin gaskiya. Ku kai mai jikin da kansa. In numfashi ya gajarta kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Mu Allah ya rufa mana asiri, ya haɗa mu da mutanen da suka ga wautarmu ba su kunyata mu ba. Na gode masa, na gode musu.

Da muka sauka a Gwandu aka kawo babur, Malam ya ce a kai kasuwa, da ƙafarsa zai shiga gida. Ya tafi a hankali, yana dogara sanda, yana amsa gaisuwa. Waɗanda ke tsayawa daga bakin ƙofa suka fito suna ba shi hannu. Muna shiga tsakar gida ya ja ya tsaya. Dammunan geron da aka kwaso daga gona suna zube a ƙasa, ba a sa a rumbu ba, akuya biyu na kansu suna ci.

Ya kira 'ya'yansa maza ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya fara daga geron, ya bi ta kan akuyoyin, ya gangaro kan dangar da ta faɗi tun damina, ya tuno da garmar da aka bari a ruwa shekara uku da suka wuce. Ƙattin maza masu 'ya'ya sun sunkuyar da kai, matansu na leƙe daga ɗaki. Ni kuwa ina tsaye da ƙullin kayana a ka, hawaye na bin fuskata, ina saurare ko muryar za ta yanke. Ba ta yanke ba. Ya yi faɗansa har ya gaji don kansa.

Na sauke kaya, na shiga na ɗauko ƙwarya da ludayi.